Daga asibiti zuwa kotu: matakan da muka bi bayan rasuwar yayana

Duk wanda ya taso a ikilisiya ya saba jin maganar tashin matattu, musamman ranar Ista da wurin jana'iza. Amma ranar da mamacin ya zama naka, kai ne mai sa hannu a takardu, kai ne mai amsa wa dangi, sai ka tarar ba wanda ya taɓa nuna maka inda wannan bangaskiya take shiga cikin lissafin kuɗin akwati da layin banki. Yayana ya rasu a Jos cikin watan Agusta na 2023, ya bar mata da yara uku, ga kuma tsohuwarmu a ƙauye can wajen Kaltungo. Ni nake bi masa a maza, saboda haka hidimar ta faɗo kaina. Zan faɗi abin da muka tarar a kowane mataki, domin wanda irin wannan zai same shi ya shiga da idonsa a buɗe.

Hawan jini ne ya buge shi a wurin aiki, ya yi 'yan kwanaki a asibiti ba ya magana, wata asuba ya cika. Abu na farko da aka ce mini bayan "sannu da haƙuri" shi ne in je in biya sauran kuɗin magani da na gado, don sai an ga rasit ake ci gaba da komai. Na biya, na dawo wurin likita ya rubuta takardar da ke nuna ranar rasuwa da abin da ya yi sanadi. Wannan takarda ita ce uwar duk sauran takardun da za su biyo baya. Ka tsaya a nan ka karanta ta baƙi bayan baƙi, ka tabbata sunan ya yi daidai da wanda ke kan katin ɗan ƙasa da na banki, sannan ka yi kwafinta da yawa kafin ka bar harabar asibitin. Ina cikin wannan zirga-zirga matar Yaya tana zaune a ƙasa bakin ɗakin tana kuka mai tsanani. Wata baiwar Allah daga zumuntar mata, da kyakkyawar niyya, ta riƙa ce mata ta yi shiru, wai mai bi ba ya kuka, kuka rashin bangaskiya ne. Baba Fasto ya iso a daidai lokacin, ya ce mata a hankali, "Mama, ki bar ta ta yi kukanta." Daga baya da muka keɓe ya tuna mini cewa a Betanya, Yesu ya san sarai zai ta da Li'azaru nan da ɗan lokaci, duk da haka ya yi hawaye a gaban mutane. Ya ce da aka jejjefe Istifanas, masu tsoron Allah ne suka binne shi suka yi masa makoki mai yawa. Abin da Bulus ya hana Tasalonikawa shi ne baƙin ciki irin na waɗanda ba su da bege, bai hana su baƙin cikin kansa ba. Tun daga wannan safiya ban ƙara barin kowa ya tsawata wa matar Yaya ko yaran a kan kuka ba, ni ma kuma na yi nawa a bayan mota ba tare da jin na saɓa wa Allah ba.

Daga nan sai ɗakin ajiye gawa. Ana biyan kuɗin karɓa, da kuɗin allurar da ke hana gawa lalacewa, sannan kuɗin kwana da ke ƙaruwa kullum. Za a rubuta sunan mutum ɗaya ko biyu da ke da ikon zuwa ɗaukar gawar, a ba ka kati, kada ya ɓace maka. Na nemi a bar ni in ga inda aka kwantar da shi da alamar da aka ɗaura masa, aka yarda. Ban yi haka don zargin kowa ba. Jikin da muka gaskata Allah zai tashe shi ba kayan yarwa ba ne, ya cancanci a kula da shi da mutunci har ya shiga ƙasa. Sai dai ka sani, daga lokacin da gawa ta shiga wurin nan, kowace ranar da dangi suka ɓata suna gardama kuɗi ce.

Gardamar kuwa ta zo. Da yamma aka taru a gidan Yaya, Baffa ya iso daga gida da wasu dattawa, aka fito da takarda aka fara jero bukatu: a jira wata guda ko fiye don na nesa su iso, a yi anko, a sayi sa, a buga kalanda da riguna masu hotonsa, a ɗauko rumfuna da makaɗa, akwati kuma ya zama na gani na faɗa. Da aka haɗa lissafi ya haura naira miliyan biyu da rabi. Wani ya ce ba komai, a ci bashi, in kuɗin Yaya na wurin aiki suka fito sai a biya. Wato kuɗin da marayu za su yi karatu da shi an riga an cinye shi tun gawa ba ta bar Jos ba. Baffa ba mugun mutum ba ne. Tsoronsa shi ne a ce gidanmu sun binne ɗansu kamar marar gata, ya kuma kawo hujja daga Littafi Mai Tsarki cewa Ibrahim ya biya shekel 400 na azurfa ya sayi kogon Makfela don ya binne Saratu, ƙasusuwan Yusufu ma sai da aka ɗauko su daga Masar aka kai Shekem. Na ce, "Baffa, gaskiyarka, gida za mu kai shi, tsohuwa ba za ta iya tafiyar Jos ba, kuma tana da hakkin ganin kabarin ɗanta. Amma Ubangijinmu da kansa ranar da ya mutu aka binne shi, a kabarin wani, da likkafanin lilin da kayan ƙanshi, bai kuma hana shi tashi a rana ta uku ba. In mun gaskata Yaya zai tashi, wannan ba ita ce ganawarmu ta ƙarshe da shi ba, balle mu ce dole mu zuba duk abin da muke da shi a rana ɗaya." Ɗakin ya yi tsit, wasu ransu ya ɓaci. Wani dattijon ikilisiya da ke wurin ya goyi bayana, ya ce ya ga gidaje da yawa da aka ci aka sha ranar jana'iza, zango na gaba aka koro yara daga makaranta. Aka tashi a kan za a binne shi cikin mako guda, ba anko, ba sa, ba bashi.

Na ga amfanin sanar da ikilisiya da wuri. Dattawa suka kafa ɗan kwamiti, suka ba mutum ɗaya littafin rubuta gudummawa, kowane kwabo da sunan wanda ya bayar. Wannan littafi ya kashe zargi da yawa daga baya. Zumuntar mata suka ɗauki girki gaba ɗaya, matasa suka kawo kujerun coci, mawaƙa suka shirya sujadar waƙoƙi a ƙofar gida daren da za mu tashi. Maƙwabtan Yaya Musulmi sun zo ta'aziyya tun ranar farko, ɗaya daga cikinsu ya kawo buhun shinkafa, ya kuma ba da motarsa ta ɗauki yara. Su da suke binne nasu cikin 'yan sa'o'i ba tare da wani biki ba, na lura sun fi wasu danginmu saurin fahimtar abin da muka yanke. Wurin kafinta na tarar da akwatuna daga naira 70,000 har zuwa sama da 350,000, na ɗauki mai sauƙi mai ƙarfi. Abin da ya fi cin kuɗi shi ne mota. Watanni kaɗan ke nan da cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayu, lita ta haura naira 600, motar ɗaukar gawa daga Jos ta bi Bauchi da Gombe zuwa gida ta ci mana naira 180,000. Duk hidimar ba ta kai naira 700,000 ba, gudummawa ta ɗauki fiye da rabi. Farashi ya canza tun lokacin, kada wani ya riƙe waɗannan a matsayin ma'auni. Ka riƙe takardar likita da ta sakin gawa a aljihunka, kada ka sa su cikin jakar da ke wata mota, domin za a nemi ganinsu a shingayen hanya.

A bakin kabari faston gida ya karanta 1 Korantiyawa sura 15 da Hausa, inda Bulus ya kwatanta jiki da ƙwayar hatsi: ana shuka shi cikin ruɓa da rashin ƙarfi, ana ta da shi cikin ɗaukaka da iko. Damina ce, gonakin dawa da masara sun kewaye makabartar, manoman da ke tsaye ba su bukaci dogon bayani ba. Amma abin da ya fi zama mini shi ne inda ya kai ƙarshen surar. Ya ce mu lura, bayan duk wannan magana mai zurfi Bulus bai ce a naɗe hannu a jira ƙaho ba, cewa ya yi a tsaya da ƙarfi, a yawaita aikin Ubangiji, gama wahalarmu ba banza ba ce. Ya juya shafi ya nuna mana cewa sura 16 da maganar tara gudummawa domin 'yan'uwa mabukata ta fara. Sai ya nuna matar Yaya da yaran ya ce wa jama'a, ga aikin nan a gabanku.

Washegari aka gwada mu a kan wannan. Tun a Jos ana ta raɗe-raɗin cewa mutuwar ba ta Allah ba ce, wai wani ne a wurin aiki ya yi masa asiri, wasu har suka fara karkatar da zancen kan matarsa. Wata gwaggonmu ta kawo shawarar a je a bincika. Na fito da katin asibitinsa da kwalayen maganin hawan jini da ya daina sha da ya ji sauƙi, na ce ga abin da ya faru. Na ce mutuwa maƙiyiya ce, haka Littafi ya kira ta, amma an riga an ci nasara a kanta, ba za mu je wurin boka neman wanda za mu ɗora wa laifi ba. Daga nan aka shiga maganar kaya: mota, fili a Jos, da katin cirar kuɗi. Wani ɗan'uwa ya jawo ni gefe ya ce tunda matar ta san lambar sirri, a kwashe abin da ke asusun kafin banki ya ji labari. Shawarar tana da jan hankali, don hannunmu babu kuɗi. Amma cire kuɗi da sunan mamaci laifi ne a doka, yana kuma iya zama abin da za a kama gwauruwar da shi gobe in rigima ta tashi. Bayan haka, wanda ya gaskata da tashin jiki ya gaskata zai tsaya gaban kursiyin shari'ar Almasihu ya ba da lissafin abin da ya yi cikin jikin nan. Ni da Yaya za mu sake haɗuwa, ban so in haɗu da shi da hakkin 'ya'yansa a wuyana ba. Tsohuwa ce ta rufe zancen. Ta ce wa Baffa, "Abin da ɗana ya bari na 'ya'yansa ne da uwarsu, kada wanda ya taɓa ko cokali."

Da muka koma Jos sai aikin takardu ya fara, shi ne kuma ya fi jana'izar tsawo da gajiyarwa. Mutane da yawa ba su san takardar asibiti dabam take da takardar shaidar mutuwa ta gwamnati ba. Ta biyun Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke bayarwa, ita ce doka ta ɗora wa rajistar haihuwa da mutuwa. Na kai takardar likita da katin shaidata da bayanan mamaci, na cike fom, aka ba ni. Sannan muka rubuta wa wurin aikinsa wasiƙar sanarwa, suka ba mu tasu wasiƙar da ke tabbatar da shi ma'aikacinsu ne har ranar rasuwarsa. Muka sanar da bankuna, nan take aka rufe asusun. A nan matar Yaya ta sha mamaki, don ita ce ya rubuta a matsayin magajiya a fom ɗin banki, ta ɗauka hakan ya isa a miƙa mata kuɗin. Bai isa ba. Sunan da ke fom ɗin na wanda za a tuntuɓa ne kawai. Tunda Yaya bai bar wasiyya ba, sai an kawo takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga sashen gado na Babbar Kotun Jiha.

A kotu aka ba mu fom-fom da yawa. Saboda akwai yara ƙanana cikin magada, an bukaci masu kula da dukiyar su zama biyu, muka sa sunanta da nawa. Aka nemi takardar aurensu, da takardun haihuwar yaran, da hotuna, da jerin duk abin da ya bari. Aka ba mu wata takarda muka zaga da ita bankuna da kamfanin fanshonsa, kowa ya rubuta adadin da ke hannunsa ya buga hatimi, domin a kan jimillar ne ake lissafa kason da za a biya gwamnati. Aka nemi mutum biyu masu tsaya mana, dattawa biyu na ikilisiya suka zo da kansu suka sa hannu. Bayan an biya, sai a buga sanarwa a jarida, a jira wa'adi ko akwai mai ƙorafi. A wajen harabar wani mutum ya tare ni ya ce in na ba shi wani abu zai gajarta mini hanya, ya kuma ba ni shawarar kada in rubuta filin cikin jerin don kuɗin su ragu. Fom ɗin nan rantsuwa ake yi a kansa. Na rubuta filin, na biya a banki, na karɓi rasit. Abin da ya ƙara ja mana lokaci shi ne sunan Yaya: a wata takarda sunan mahaifinmu ne a ƙarshe, a wata kuma sunan kakanmu. Sai da muka yi takardar rantsuwa cewa mutum ɗaya ne. Watanni suka shuɗe kafin izinin ya fito.

Watannin nan su ne mafi wuya. Masu ta'aziyya sun watse, albashi ya tsaya, kuɗin makaranta ya zo a Satumba ya sake zuwa a Janairu. Akwai ranakun da na dawo daga wani ofis da "a dawo mako mai zuwa" na zauna cikin mota na rasa abin da zan faɗa wa matar Yaya. Wata rana ta ce mini, "Baba ƙarami, na gaji, a bar musu kuɗin." Na ce mata, "Maman yara, gumin mijinki ne, ba za mu bari ba." Abin da ya riƙe mu shi ne ɗan kuɗin da ba mu ƙone a jana'iza ba, da kuma zumuntar mata waɗanda ba su daina zuwa ba. Kowane wata suna kawo hatsi da man girki, suna zama da ita. A Ayyukan Manzanni sura 6, ikilisiyar da ta fara shelar tashin Yesu ita ce ta zaɓi mutum bakwai musamman don kada a manta da gwauraye wajen rabon abinci. Ban taɓa haɗa waɗannan abubuwa biyu a raina ba sai da na ga matan nan suna sauke buhu a ƙofar gida. Ranar Ista, 31 ga Maris 2024, ita ce ta farko ba tare da shi ba. Matar Yaya ta koma cikin mawaƙa a ranar, ta yi waƙa tana hawaye, ba wanda ya ce ta yi shiru.

Da izinin kotu ya fito, sauran ƙofofin suka buɗe ɗaya bayan ɗaya. Bankuna suka sa muka buɗe asusu da sunan dukiyar mamaci, aka juye kuɗin ciki, mu biyu muke sa hannu. Kamfanin fansho ya karɓi izinin kotu da shaidar mutuwa da wasiƙar wurin aiki, aka bi matakan amincewa, sannan aka biya abin da ya tara. Akwai kuma hakkin da iyalai da yawa ba su san da shi ba. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata da ke ƙarƙashin tsarin ya yi musu inshorar rai wadda ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba, ana kuma biyan ta ga wanda ma'aikacin ya rubuta sunansa. In naka ya rasu yana bakin aiki, ka tambayi wurin aikinsa wannan a rubuce. In aka yi ta ja maka rai, hukumar fansho ta ƙasa, wato PenCom, ita ce ke sa ido a kan harkar, ana kai mata ƙorafi. Kuɗin da muka karɓa ne muka raba uku: na karatun yara a asusu dabam, jarin da matar Yaya ta buɗe shagon kayan masarufi da shi, da ɗan abin da ake aika wa tsohuwa. Duk wata shida nakan kai wa Baffa da dattijo ɗaya na ikilisiya lissafi a rubuce, ko ba su tambaya ba.

Ga wanda abin ya samu yau, ka sanar da fastonka da dattawa kafin taron dangi, domin murya ɗaya daga waje tana sanyaya gardamar da ɗan gida ba zai iya ba. Ka tsai da ranar binnewa da wuri, ka tsai da iyakar abin da za a kashe kafin a fara jero bukatu. Ka tanadi jaka guda ta takardu, na asali a gida, kwafi a hannu. Kada ka bar gwauruwa ta shiga ofis ko taron rabon kaya ita kaɗai, kada kuma a sa hannu a madadinta. Ga wanda kuma yake da rai da lafiya, na ga masu bi da yawa suna gudun maganar wasiyya kamar ambatonta zai jawo mutuwa. Mu da muke furtawa a sujada cewa mun gaskata da tashin jiki da rai na har abada, mu ya kamata mu fi kowa iya zama da matanmu mu ce ga asusuna, ga takardar fili, ga inda nake so a binne ni, kada a ci bashi saboda ni. Ni na je wurin lauya na rubuta tawa, na daidaita sunana a katin ɗan ƙasa da banki da fansho, na sabunta sunan wanda zai karɓi inshorata, ina kuma auna jinina duk wata. Abin da ya rage mana yanzu shi ne gonar Yaya ta gida, wadda ba ta da takarda, tana ƙarƙashin al'ada. Mun yi magana da Baffa da mai unguwa a gaban shaidu cewa za a riƙa noma ta ana ba yaran rabonsu har babban ya girma ya karɓa, kuma da Kirsimetin bana za mu je a rubuta yarjejeniyar kowa ya sa hannu.